Fashin Baƙi: Ƙurar Banso a Shagon Cikin Gida, Ina Take Zuwa Bayan An Yanka Katako?

Duk shekara idan hunturu ya shigo Kumasi, daga Disamba zuwa Fabrairu, maganar ƙura ce a bakin kowa. Ana tari, ana ɗaure hanci, ana ɗora laifi a kan iskar da ke sauko mana daga hamada. A zangunanmu kuwa, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, akwai wata ƙurar da ba ta jiran hunturu, kuma ita ce take haɗa kafintoci da maƙwabta faɗa. Ƙananan injinan zarto da aka yi amfani da su aka sake sayarwa sun yawaita a gidaje, mutum ya ware ɗaki ɗaya ko ya kafa rumfar kwano a bayan gida, ya dasa banso, wato injin zarto mai kamar ɗamara, ya kama aiki. Daga nan sai tambaya ta taso: lallai ne a haɗa wa banso injin zuƙar ƙura, ko tsintsiya da buɗe taga sun wadatar? In kuma za a haɗa, ta ina?

Ni ma tambayar ta same ni har gida. Wata safiya ina tsaga katakon odum, wata dattijuwa da muke katanga ɗaya da ita ta leƙo da faranti a hannu. Ta ce, "Ɗan nan, zo ka gani." Ta shafa yatsa a kan farantin da ta wanke ta kife da asuba, yatsan ya fito da jan gari. Na ce, "Inna, ai hunturu ne." Ta ce, "Ƙurar hunturu fara ce, wannan ja ce, kuma jikata kwana uku ke nan ba ta barci da dare." Ban sami abin cewa ba, don launin odum ɗina ne a yatsanta. Tun ranar na shiga bin diddigin al'amarin, na kuma gane cewa yawancinmu masu sana'ar mun fahimce shi a baibai.

Yadda banso yake aiki, da inda yake zubar da gari

Ga wanda bai sani ba, banso zarto ne da aka haɗa bakinsa da wutsiyarsa ya zama kamar ɗamara, aka ɗora shi a kan wili biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Motar lantarki tana juya wilin ƙasa, zarton yana zagayawa ba tsayawa. A daidai tebur, inda ake tura katako, haƙoran kullum ƙasa suke yi. Na yankan katako yakan yi gudun kusan mita 15 a daƙiƙa, wato ya fi kilomita 50 a awa.

Wannan saukowar ta haƙora ita ce mabuɗin maganar gaba ɗaya. Tsakanin haƙori da haƙori akwai ɗan lungu, a cikinsa garin da aka kankaro yake zama har zarton ya fita daga katakon. Da ya ratsa tebur ya fito ta ƙasa, sai lungunan su amayar da abin da suka ɗauko. Wani ya zube a kan ƙananan ƙarafan da ke riƙe da zarto a ƙarƙashin tebur, wani ya bi zarton zuwa cikin akwatin wilin ƙasa. Wilin nan kuwa yana juyawa kamar fanka, sai ya riƙa kaɗa garin yana feso shi ta kowace kafa ta ƙofa, wani ma ya manne wa zarto ya hau sama ya sake zubowa a kan aikin, daidai hancin mai yanka.

Shi ya sa mutane suke ruɗuwa da banso. Ba ya watsa gari a fuska kamar zarton faifai, ba ya ƙara kamar injin fere katako, sai a ɗauka mai tsafta ne. Alhali a ƙarƙashin tebur yake ɓarnarsa, inda ido ba ya kaiwa.

Gari dabam, ƙura dabam

Kuskuren farko shi ne haɗa abu biyu a suna ɗaya. Akwai garin katako, wanda yake faɗuwa ƙasa a take, a share shi a cika buhu, masu kaji su saya su shimfiɗa, mata su cusa a murhu su dafa waken safe. Wannan nauyi gare shi, ba ya daɗewa a iska, kuma ba shi ne abin tsoro ba.

Sai ƙura, wadda ba a sharewa domin ba ta sauka da wuri. Ana auna ta da abin da ake kira maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida dubu. Kaurin gashin kan mutum yakan kai maikiron 70 ko kusa da haka. Ƙurar da ta fi maikiron 10 girma, yawancinta hanci da maƙogwaro suke tarewa. Wadda ba ta kai 10 ba tana wucewa cikin ƙirji, wadda kuma ta gaza 4 ko 5 tana kaiwa can ƙuryar huhu. Irin wannan ido ba ya ganinta a hasken rana na yau da kullum, kuma tana iya yin awoyi tana shawagi a ɗaki bayan an kashe inji. Mutum ya gama aiki, ya cire ƙyallen da ya ɗaure hanci, ya zauna cin abinci a shagon, yana shaƙar mafi munin ta bai sani ba.

Wanda yake son ya gani da idonsa, ga gwaji da ba ya cin ko sisi. Bayan magariba a yanka katako ɗaya, a kashe fitilar shago, a haska tocila mai ƙarfi ta gefe, a tsaya a kalli hasken ba tare da an fuskance shi ba. Ranar da na gwada, minti ashirin bayan na kashe banso, hasken tocilan cike yake fal, abin yana tafiya a hankali kamar hayaƙi, yana bin hanyar tagar da ke kallon tsakar gidan Inna.

Bari mu yi ɗan lissafi don a san girman abin. A Ingila doka ta ƙayyade cewa ƙurar katako mai tauri kada ta wuce miligiram 3 a kowace mita kubik ta iska, in an auna tsawon awa takwas na aiki, na katako mai laushi kuma miligiram 5. Tarayyar Turai ta sauko da nata na katako mai tauri zuwa miligiram 2 daga shekarar 2023. Ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗi 3, tsayi 3, irin ɗakunan gidajenmu. Iskar cikinsa mita kubik 36 ce. A ma'aunin Ingila, ƙurar da aka yarda ta kasance a iskar ɗakin gaba ɗaya miligiram 108 ce kacal, wajen kashi ɗaya cikin biyar na maganin da ke cikin ƙwayar farasitamol. To, tsaga odum mai kaurin santimita 10, tsawon mita ɗaya, da zarton da ke cin milimita ɗaya, yana niƙe kusan giram 60 na katako. Ko kashi ɗaya cikin ɗari biyar na wannan ne ya tashi sama, an riga an wuce iyaka. Yanka ɗaya ke nan fa, kafin a sha kokon safe.

Abin da take yi wa jiki, da irin katakon da muke yanka

A shekarun 1960 likitoci a garin High Wycombe na Ingila, garin da ya yi suna wajen ƙera kujeru, suka lura da wata irin kansar cikin hanci da ba a cika gani ba, tana yawan bayyana a jikin masu aikin kujeru. Bincike ya ci gaba a ƙasashe da dama, har a shekarar 1995 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Abin ya fi ƙarfi ga katako mai tauri, kuma yakan ɗauki shekaru ashirin, talatin ko fiye kafin ya bayyana. Gaskiya ita ce cutar ba ta da yawa, ba kowane kafinta take kamawa ba, kuma ba na so in tsorata kowa fiye da kima. Amma wanda ya daɗe a sana'ar, ya ga ɓari ɗaya na hancinsa ya toshe ya ƙi buɗewa, ana ganin jini a majina, kada ya tsaya shan maganin mura, ya tafi wurin likitan hanci da kunne.

Abin da ya fi yawa, wanda kusan kowane shago yana da mai fama da shi, shi ne asma da mura marar ƙarewa da ƙaiƙayin fata da jan ido. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila ta ce kafintoci sun ninka sauran ma'aikatan ƙasar sau huɗu wajen kamuwa da asma. Ga wata alama da ya kamata kowa ya riƙe: in ƙirji yana sakewa ranar Lahadi ko lokacin hutun Sallah, ya kuma dawo da kukan tsuntsu da an koma aiki, to daga shago abin yake.

Nan ne maganar ta shafe mu fiye da Bature, saboda itatuwan da littattafan likitanci suke ambata da suna, namu ne. Wawa, wanda ake sayarwa a waje da sunan obeche, katakon da ya fi kowanne arha da sauƙin aiki a wurinmu, sananne ne wajen jawo asma. Odum, wato iroko, yana sa kumburin fata da tari. Ƙurar katakon baku tana ƙona hanci da maƙogwaro har ta sa haɓo. Oprono, wanda ake kira mansoniya, yana da sinadari mai taɓa zuciya, ƙurarsa tana iya sa jiri da tashin zuciya da haɓo. Katakon tik ma yana sa wa wasu ƙaiƙayin fata. Sai allon MDF da ya cika kasuwa yanzu, garin katako ne aka matse da gam, yankansa kuma yana fitar da ƙura mai laushi kamar hoda.

Dole in tsaya a kan maganar madara. Tun ina yaron shago a Anloga, tsohuwar unguwar kafintoci a Kumasi, kafin a kwashe kafintoci zuwa Sokoban saboda aikin titi, maigidana yakan saya mana madarar gwangwani ranar da muka wuni muna yanka, ya ce, "Ku sha, tana wanke ƙirji." Da zuciya ɗaya yake yi, Allah ya saka masa. Amma hanyar abinci dabam, hanyar numfashi dabam. Madara ciki take zuwa, ƙura huhu take zuwa, ba sa haɗuwa ko a hanya. Haka shaƙa ruwa a alwala, yana wanke hanci, wannan alheri ne, sai dai ba ya kai wa ga abin da ya riga ya wuce ƙirji.

Ƙarfin zuƙa da yawan iska ba abu ɗaya ba ne

Mutum ya yarda zai yi wani abu, sai ya je ya sayo injin zuƙar shara na gida, ya cusa tiyonsa a jikin banso, ya ga har yanzu ƙura na tashi, ya ce ashe duk ƙarya ce. Ba ƙarya ba ce, kayan aikin ne ba su dace ba.

Injinan zuƙa iri biyu ne. Na shara yana da ƙarfin ja, zai iya ɗaga ƙusa daga ƙasa, amma iskar da yake ja kaɗan ce, ta siririn tiyo. Na ƙurar shago kuwa, mai babbar fanka da buhu, ba ya ja da ƙarfi sosai, amma yana kwasar iska mai yawa ta bututu mai faɗi. Ƙurar da ke shawagi ba ta da nauyin da za a ce sai an ja ta da ƙarfi, abin da ake bukata shi ne a kwashe iskar da take ciki kafin ta bazu. Don haka yawan iska ake nema.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani game da zuƙa: ba ta da dogon hannu. Kana iya hure fitilar aci-balbal daga nesa da baki, amma ba ka iya zuƙe harshenta sai ka kai leɓe kusa. Masana iskar masana'antu sun auna cewa da an matsa daga bakin bututu da nisan faɗinsa kawai, gudun iskar ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Bututu mai faɗin inci 4, a nisan inci 4, ya riga ya rasa kusan duk ƙarfinsa. Wanda ya ajiye bakin bututu taku ɗaya daga zarto, wutar banza yake ƙonawa.

Ma'aunin da aka saba bi ga banso matsakaici, mai wili inci 14, shi ne bututu inci 4, wato milimita 100, da iska mai gudun kusan mita 20 a daƙiƙa a cikinsa, don kada gari ya kwanta ya toshe hanya. Wannan ya kama kusan mita kubik 600 a awa, daidai da kwashe iskar ɗakin nan namu gaba ɗaya duk minti huɗu. In ka rage bututun zuwa inci 2, ramin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu ne, ba rabi ba. Tiyo mai gaɓa-gaɓa, da doguwar hanya, da kwana mai kaifi, duk suna cin iska. A kawo injin kusa da banso, a yi amfani da fayif mai santsin ciki, tiyo ya tsaya a ɗan guntun haɗi.

Ban ce injin shara ba shi da amfani ba. A ƙaramin banso na kan benci, in an kai bakinsa dab da zarto a ƙarƙashin tebur, yana kama da yawa. Matsalarsa matatarsa tana toshewa da sauri, kuma motarsa ba ta son a bar ta tana aiki awa da awanni.

Inda ake ɗora bututu

Tsofaffin banson da ke shigo mana, wasu ba su da ƙofar ƙura ko ɗaya, wasu suna da ƴar ƙarama a wurin da ba ta da amfani. Wuri na farko, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne ƙarƙashin tebur, daidai inda zarto ya fito daga katako, tun garin bai shiga akwatin wili ba. Abin da na yi shi ne, na ƙera ɗan akwati na filawud da ya kewaye wannan wurin ta gefe uku, na fasa masa rami na sa bakin bututu. Kada a kafe shi da ƙusa, a sa maganaɗisu ko noti mai kunne, domin za ka buƙaci cire shi in za ka canza zarto ko ka karkata tebur. Duk abin da yake ba ka wahala wajen cirewa, wata rana za ka cire shi ka ƙi mayarwa.

Wuri na biyu shi ne gindin akwatin wilin ƙasa, inda ragowar garin yake taruwa. Wasu sukan fasa ƙofar akwatin su dasa baki na biyu, su haɗa biyun da mahaɗa mai ƙafa biyu. Duk wani mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera a Kumasi, zai yi maka wannan, kuma can ɗin ne ma ake iya ƙera fankar kanta in mutum ya sami mota mai kyau. A tabbata dai an daidaita fuka-fukanta, don fankar da ke rawa tana cin boris, tana kuma iya tarwatsewa.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suke yin babban aiki. Na ɗaya, guntun katako da aka tsaga masa siririyar hanya zarto yake bi ta ciki, a dasa shi a ƙasan bakin bututun, ya tare garin da ke son bin zarto. Na biyu, buroshi mai tauri da aka kafa yana shafar robar wilin ƙasa. Garin da ya manne a robar nan shi ne yake sa zarto ya riƙa kaucewa layi, saboda haka buroshin yana gyara yanka ma, ba tsafta kawai ba.

Sai wani kuskure da masu himma suke yi: su bi kowace kafa da salatif su toshe, suna ganin hakan zai ƙara ƙarfi. Inji ba ya fitar da iska daga inda iska ba ta shiga. Ka zuƙi kwalbar da ba ta da wata kafa ka gani. Dole a bar mashiga, kuma a bar ta a ɗaya gefen zarton, don iskar da ke shigowa ta ratsa haƙoran ta kwashe abin da ke cikinsu kan hanyarta ta zuwa bututu. Ana gwadawa da zare: a kunna injin zuƙa, banso a kashe, a riƙa kai zaren kusa da kowace kafa. Inda ya lanƙwasa ciki, lafiya. Inda ya tsaya cik, ƙura za ta fito ta nan.

Zarton kansa yana da hannu a ciki. Wanda ya dakushe gogar katako yake yi yana ƙona shi, ƙurarsa ta fi laushi. A katako mai kauri, zarto mai haƙora uku a inci yana fitar da gari mai tsakuwa-tsakuwa, wanda ya fi sauƙin kamawa.

An zuƙe, sai ina?

Nan ne maganar Inna ta dawo. Yawancin injinan ƙura masu arha buhun yadi suke zuwa da shi, wanda ramukansa sukan kai maikiron 30. Yana riƙe gari, amma ƙurar nan da muka ce ita ce mai cutarwa, ta cikinsa take ficewa. Ka kunna shi a cikin ɗaki, ka ga buhun ya kumbura ƙasa ta yi fes, alhali ka sayi injin da yake tace mai nauyi ya feso maka mai laushi. Haska masa tocila da dare ka gani.

Mafita biyu ce. Ko a sami matatar ƙura mai riƙe maikiron 1, wadda take da tsada kuma tana son a riƙa kakkaɓe ta, ko a fitar da iskar waje. Mu a nan Allah ya sauƙaƙa mana ta biyun, tunda ba ma ɗumama ɗaki kamar mutanen ƙasashen sanyi da suke tsoron asarar zafi. Amma a zango, waje na wani ne. Bayan tagarka madafar wata ce, ko igiyar shanya, ko makarantar allo. Wanda ya fitar da bututu ta taga ya huta, ya ɗauke cutar daga ƙirjinsa ne ya kai wa yaran maƙwabta, kuma wannan haƙƙi ne da ba na ganin akwai uzuri a kansa.

Abin da ya yi mini aiki shi ne duro a tsakani. A sami duro mai murfi da ke rufuwa ruf, bututun da ya taso daga banso ya shiga ta gefe a karkace, na zuwa fanka ya fita ta tsakiyar murfi. Iska tana shiga tana juyawa kamar guguwa, gari mai nauyi ya bugi bango ya zube ƙasa, abin da ya rage ya wuce. Duron yana cin ɗan ƙarfin iska, ba ya kuma kama mafi laushin ƙurar, amma yana rage wa matatar ƙura aiki ƙwarai. Daga nan na gina wa buhun ɗan keji a waje, a gefen da ke kallon kwata, ba gefen mutane ba, na sa matatar ƙura mai kyau.

A kwashe duro kowace yamma. Zarto ya ci ƙusa a tsohon katako, tartsatsi ɗaya ya bi bututu, yana iya kwana yana ci a cikin gari ba hayaƙi, sai tsakar dare ya tashi. Kuma kada a taɓa zuƙe garin ƙarfe na wurin wasa zarto da wannan injin.

Masu cewa ɓarnar kuɗi ce

Dattawan sana'a suna cewa sun yi shekara arba'in suna yanka ba abin da ya same su. Ina girmama su, kuma wasunsu gaskiya suka faɗa. Sai dai a Anloga a fili suke aiki, ƙarƙashin rumfa marar bango, iska na ratsawa ta ko'ina, ba a ɗakin mita huɗu mai taga ɗaya ba. Kuma waɗanda ƙirji ya kora daga sana'ar tun suna samari, suka koma tuƙi ko tireda, ba sa zaune a majalisar da ake wannan hirar.

Maganar wuta kuwa gaskiya ce. Mota mai ƙarfin doki ɗaya tana cin kusan yunit ɗaya a awa, mai mitar kati yana ganin abin a aljihunsa. Amma lokacin yanka kawai take aiki, ba wuni ba. A fara kunna ta, ta daidaita, sannan a kunna banso, don tayar da mota biyu lokaci ɗaya yana wahalar da wayoyin tsofaffin gidaje. Mai sayen tsohon injin da aka yi amfani da shi kuma ya duba farantin jikin motar. Wutar Gana bolt 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Injin Amurka na bolt 120 ne mai bugu 60, ko an sa masa taransifoma gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, iskarsa ta ragu, motar kuma tana iya ɗaukar zafi.

Ta fuskar doka, Gana tana da dokar masana'antu da ofisoshi da shaguna ta 1970, wadda ta yi maganar fitar da ƙura daga wurin aiki, dokar ƙwadago ta 2003 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin lafiyarsu. Amma kowa ya san jami'in duba masana'antu ba zai shigo lungunmu ya leƙa rumfar bayan gida ba. Maigidan shago ne kaɗai zai yanke wannan hukunci.

Takunkumi da shara

Ko an yi duk wannan, akwai abin da zai tsere, musamman a saman tebur da wurin goge samfefa. Takunkumin asibiti da muka saba da shi lokacin korona, da hankici, ba sa tare ƙura mai laushi, ta gefe take shiga. Wanda ake nema shi ne mai alamar N95 ko FFP2, kuma sai ya manne a fuska. Masu gemu su sani cewa gashi yana hana shi mannewa, wanda hakan ya ƙara musu dalilin kama ƙurar tun daga bakin zarto.

Sharar busasshiyar ƙasa tana tayar da abin da ya kwana yana sauka. Hure inji da iskar kwamfireso ya fi ta muni. A yayyafa ruwa tukuna, yadda iyayenmu mata suke yi wa tsakar gida, ko a zuƙe da tiyo. A kowane shago, ƙaramin yaro ake ba tsintsiya, mai shekara goma sha uku ko sha huɗu, kuma shi ne yakan kwana a shagon. Nawa yaron na hana shi kwana a ciki, na ba shi takunkumi irin nawa, rigar aiki kuma a ƙusar bayan ƙofa muke rataye ta, ba ta shiga ɗakin kwana. Inna har yanzu takan shafa farantinta in ta ji banso ya tashi, ni kuma duk ƙarshen mako nakan kashe fitila in haska tocila ta gefen tagarta.